Kala-kala da Ɓawon Jatan Lande

Duk wanda ya san Kala-kala, da hannunsa ya fara saninsa. In ya miƙo maka hannu ku gaisa, sai ka ɗan yi jim kafin ka ba shi naka, domin yau shuɗi ne har gwiwar hannu, gobe ja, jibi kuma wani launi da shi kansa sai ya yi nazari kafin ya raɗa masa suna. Ba ya shafar kowa, ya bushe tuntuni, amma zuciya ba ta yarda. Nan sunan ya samo asali. Yana saurayi ya yi faɗa a kansa har ya gaji. Da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba, sai ya karɓa hannu biyu.

Wurin kawunsa ya koyi rini, wani dattijo mai ƙarancin magana da yawan ranƙwashi. Da kawun ya rasu, Kala-kala ya gaji gangunan ƙarfe da aka yanke rabi, da ƙatuwar sandar juyawa wadda ta sha launi har ta koma baƙa ƙirin, da kuma tabbacin cewa duk duniya babu wanda ya san rini sai 'yan gidansu. Ya kafa marinarsa a bayan gida, tsakanin ɗakin girki da katanga. Aikinsa ba na alfarma ba ne: wandon da ya koɗe a mayar da shi baƙi, labulen da rana ta cinye, zanen gado, da rigunan 'yan ƙwallon unguwa waɗanda duk shekara sai sun sake kala, wai ta bara ce ta sa aka ci su. Da wannan ya ciyar da gida, ya sa 'ya'ya a makaranta, ya aurar da su har Auta.

Matarsa ta sha sayo masa safar hannu ta roba. Yakan karɓa ya yi godiya, ya zuba ƙusoshi a ciki ya rataye a jikin bango. Wai hannu ne ke jin in rini ya kama, roba kuwa kurma ce. Abu ɗaya da ba a taɓa ji daga bakinsa ba shi ne "ban sani ba". In ka kawo riga ka ce kore kake so ta fito ruwan toka, zai ɗaga ta a rana, ya karkata kai, ya ce maka yadin ne ya zaɓa, kuma yadin ya fi ka sanin abin da ya dace da fatarka. Mutane da dama sun tafi gida da abin da ba su nema ba, suna godiya.

Ruwan da ya rage in an gama aiki kuwa, akwai wata kafa a gindin katanga. Nan yake tuntsurar da ganga, ruwa ya bi ya faɗa kwatar da ta ratsa bayan gidaje, ya yi gaba abinsa. A wurin Kala-kala, duk abin da ya tsallake katanga ya zama na gwamnati.

Haka aka yi ta tafiya har maƙwabcinsa ya ajiye tuƙi. Tsohon direban babbar mota ne, kowa Direba yake ce masa, mutum mai ƙaton tumbi da gajen haƙuri. Da likita ya ce idonsa ya daina ganin titi, ya dawo gida ya rasa abin yi, sai ya sayo agwagi farare tas ya soma kiwo. Yadda yake da mota haka ya ɗauke su. Da safe ya duba ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba taya. In sun nufi inda ba ya so ya ce su taka birki, in sun shiga lungu ya ce su yi ribas.

Wata rana Kala-kala ya rina labulen wani ɗakin taro ruwan hoda, ya zubar da ruwan kamar kullum. Agwagin suka samu ƙofa a buɗe, suka gangara kwata, suka yi wanka iya son ransu. Da yamma sai ga Direba a bakin marina, ya saƙalo guda a hammata. Daga wuya zuwa jela ruwan hoda ce, kan ne kawai fari, tana kallon Kala-kala da ido ɗaya.

"Maƙwabci," in ji Direba, "dubi wannan."

Kala-kala ya goge hannu da tsumma, ya matso, ya buɗe fiffiken ya duba da idon sana'a. Abin da ya fara zo masa a rai, kuma ya kasa riƙewa, shi ne rinin ya zauna daidai, babu dabbare-dabbare.

"Ya hau sosai," ya ce.

"Ban tambaye ka ko ya hau ba. Farare na saya. Mai sayen ƙwai ya zo ya gan su ya juya, wai wata sabuwar cuta ce ta shigo."

"To ai ni ban kira su ba. Ruwana na zubar, su suka bi shi."

"Ruwanka a kwatar jama'a."

"Agwaginka ma a kwatar jama'a."

Direba ya juya yana huci, agwagwar tana leƙo kai ta bayan hammatarsa.

Ba a daɗe ba sai ga duba-gari. Mace ce gajeriya, da takalmin roba har gwiwa da sanda a hannu, ba ta ɗaga murya. Ba ta ma tambayi gidan ba. Kwatar ta biyo tun daga ƙasa, launi ya kawo ta har gindin katangarsa. Ta gaishe shi da ladabi, ta leƙa ganguna, ta tsoma sandarta a kafar ta ɗago.

"Baba, ruwan nan a rafi yake ƙarewa. Akwai masu lambu da ke ban ruwa da shi. In ya yi duhu haka rana ba ta ratsa shi, ciyawar ruwa ta mutu, kifi ya gudu. Zan zagayo in na gama da layin masu wankin mota. In na tarar ruwan da ke fita ta kafar nan yana da kala, zan sa wa wurin nan kwaɗo."

"'Yata, in ba shi da kala ai ba ruwan rini ba ne."

"Shi nake so," ta ce. "Ruwan da ba na rini ba."

Da ta tafi, Kala-kala ya shaida wa matarsa cewa abin ba wani abu ba ne. A lissafinsa, tunda ja da kore ba sa ga maciji, in ya haɗa su ganga ɗaya za su kashe juna. Ya haɗa. Suka haifi wani abu mai kama da tsohon baƙin mai. Ya ce to tacewa ake yi. Ya tace da rariya, ya tace da tsohuwar safa, ya tace da ɗankwalin matarsa ba ta sani ba. Ruwan ya wuce yadda ya shigo, ɗankwalin ne kawai ya sauya. Daga nan ya juye kwalbar bilic, ruwan nan mai cinye kalar tufafi, a ciki, wani tururi ya taso ya shaƙe shi, ya fito da gudu yana tari, hawaye na bin gemu.

Matarsa tana zaune tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Baban Auta, ka kira mijin Auta."

Mijin Auta malamin kimiyya ne a wata kwaleji, siriri mai tabarau, kuma an ce aikinsa ma a kan tsabtace ruwa yake. Sai dai a gidan surukai ba a taɓa jin ya kai magana ƙarshe ba. Tun daga bakin ƙofa yake cire takalmi, ya durƙusa can nesa, ya kafa wa ƙasa ido, duk abin da Kala-kala ya faɗa ya ce, "Haka ne, Baba." Ranar da Kala-kala ya bayyana masa cewa farin wata ne ke koɗar da baƙin yadi, ba rana ba, haka ne Baba. Ranar da ya ce wutar lantarki ta fi nauyi da damina, haka ne Baba. Yayyen Auta in ba ya nan Malam Haka-ne suke ce masa. Kala-kala kuwa yana ƙaunarsa ƙwarai, yakan ce bai taɓa ganin yaro mai fahimta irinsa ba.

"In kira surukina ya koya mini ruwa? Ni da na ba shi 'ya?"

"'Ya ka ba shi, ba kai ka ba shi karatun ba. Wancan da kansa ya nemo."

"Ba zan kira shi ba."

"To kar ka kira. Na riga na buga wa Auta waya, suna hanya."

Suka iso. Auta ta shige ɗaki wurin uwarta, Malam ya durƙusa a inda ya saba. Aka daɗe ana gaisuwa, aka tambayi aiki, aka tambayi ɗalibai, sannan Kala-kala ya kawo zancen a kaikaice, kamar matsalar wani abokinsa ce. Malam ya gyara tabarau, ya yi wa tabarma jawabi.

"Wato, Baba, akan samu wani abu a cikin ɓawon jatan lande, da na ƙaguwa. Shi ne ke sa ɓawon ya yi tauri. To in aka fitar da shi aka gyara, yana da son kala. Yakan kama ta ya riƙe, ruwa ya rabu da ita."

"Ɓawon jatan lande."

"E, Baba."

"Wanda masu kifi ke zubarwa."

"Shi, Baba."

"A zuba shi a ruwan rini ya shanye kalar."

"Haka ne, Baba, sai dai kafin nan akan..."

"Shi ke nan, na gane. Dama na daɗe ina wannan tunanin. Ina jin kawuna ma ya taɓa faɗa." Ya ɗaga murya wajen ɗaki. "A kawo wa Malam shayi."

Malam ya buɗe baki, ya dubi ƙofar da Auta ta shiga, babu mai ceto. Ya rufe bakin, ya sha shayi.

Washegari Kala-kala ya ɗauki buhuna ya nufi kasuwar kifi. Matan da ke ɓare jatan lande don manyan gidajen abinci suka yi murna da shi kamar ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya. Suka cika masa buhuna taf, har da kawuna da ƙafafu da ruwan da ke ɗiga, suka taya shi ɗauka, suka ce don Allah ya riƙa zuwa kullum. A motar haya da ya shiga, fasinjoji suka yi ta tuna cewa a nan kusa za su sauka. Kafin a kai unguwarsu daga shi sai mai motar, shi ma kansa na waje ta taga.

Ya juye buhunan a cikin gangunan ruwan shuɗi, ya juya da sanda, ya rufe da kwanon rufi, ya ce a ba magani lokaci ya yi aiki. Rana ma ta yi nata aikin.

Warin da ya tashi ba irin wanda ke tsayawa wuri ɗaya ba ne. Ya shiga ɗakin girki, ya shiga akwatin kaya, ya zauna a cikin burodi. Ƙudaje suka zo da danginsu. Kyanwoyin unguwa suka jeru a kan katanga tun safe kamar masu jiran a buɗe ofis. Mai ɗakin taro ya zo karɓar sauran labulensa, ya shinshina ɗaya, ya ce ba sauri yake yi ba. Matar gida ta ɗaure hanci da gyale, ta kwashe tukwanenta ta koma ƙofar gida da girki. Kala-kala ya ce wa duk mai saurare warin nan alama ce magani ya kama. Shi kansa abinci ya daina wuce masa. Da ya ga babu kowa, ya ɗaga murfin ganga ɗaya ya leƙa. Ruwan na nan shuɗi yadda yake, sai dai yanzu akwai abubuwa masu motsi a ciki. Ya mayar da murfin a hankali, bai gaya wa kowa ba.

Agwagin Direba kuwa, abin da ya kori mutane shi ya kira su. Suka tashi suka haye katanga, kyanwoyi suka watse, suka ture kwanon rufi suka faɗa ganga. Kafin Kala-kala ya fito da tsintsiya sun ƙoshi. Baya ruwan hoda, gaba shuɗi, ga wari.

Wannan karon Direba bai yi faɗa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da hankici a hanci, ya yi magana a sanyaye.

"Maƙwabci, na taɓa ɗaukar lodin kifi, mota ta mutu mini a daji har kifin ya narke ya bi ta ƙasan bodi. Ina tabbatar maka bai kai wannan ba."

Da yamma matar gida ta fito da jakarta ta ajiye a tsakar gida.

"Baban Auta, ko Malam ya dawo, ko ni in koma gidan Auta da zama. Kai ka zauna da kyanwoyinka."

Malam ya dawo. Tun daga bakin layi ya san abin da ya faru, amma ya cire takalmi ya durƙusa, idonsa na ruwa a bayan tabarau. Auta ta tsaya kusa da shi da gyale a hanci.

"Malam," in ji Kala-kala, "kimiyyar nan taku ba ta aiki. Duk yadda ka ce haka na yi."

"Haka n..."

Auta ta sunkuya kamar za ta gyara takalmi, ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji. "In ka ƙarasa kalmar nan, kai kaɗai za ka koma gida. Ni nan zan zauna, duk wanda ya tambaye ni warin mene ne in ce masa binciken mijina ne."

Malam ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya dubi ganguna, ya dubi matarsa, sannan a karon farko tun da aka san shi a gidan, ya dubi surukinsa a ido.

"A'a, Baba. Ba haka ba ne."

Matar gida ta janyo kujera ta zauna.

Malam ya miƙe tsaye. Kala-kala bai taɓa sanin yaron ya kai wannan tsawo ba.

"Ban ce a zuba ɗanye ba. Ba a bar ni na ƙarasa ba. Wannan ba kimiyya ba ce, Baba, ruɓa ce. Abin da muke nema yana cikin ɓawon, amma nama ya rufe shi, ƙasa-ƙasan da ke jikin ɓawon ma ya rufe shi. Sai an cire su duka." Ya naɗe hannun riga. "Ina shebur?"

Daga wannan rana, duk lokacin da ya taso daga kwaleji, Malam yakan biyo ta marina, kuma wanda ke shigowa ba mai durƙuson nan ba ne, malamin aji ne. Aka kwashe ruɓaɓɓen aka kai inda ake binne shara. Aka samo sabon ɓawo. Ya ciro safar hannun daga bango, ya zazzage ƙusoshin a ƙasa, ya miƙa wa surukinsa. Kala-kala ya fara bayanin cewa roba kurma ce. Malam ya ce ba a son ta ji komai, a sa kawai. Ya sa.

Aka wanke ɓawo har ya daina santsi, aka shanya a rana har ya riƙa ƙara in an taɓa, aka daka. Aka jiƙa shi a wani ruwan asid mai sauƙi da Malam ya zo da shi a jarka, ya yi ta kumfa yana tsuwa har ya gaji ya yi shiru. Aka wanke. Aka dafa shi cikin soda, irin wadda Kala-kala ke aiki da ita tun yana yaro, aka sake dafawa da wadda ta fi ƙarfi, doguwar dahuwa, Malam na tsaye yana korar kowa daga bakin tururi. Sannan wanki.

"Sake wankewa, Baba."

"Na wanke."

"Na gani. Sake."

Kala-kala ya sake, yana tuna kawunsa. Ya yi wa kansa ta'aziyya da cewa wannan dai ba ya ranƙwashi. Amma sau ɗaya, da ya zubar da ruwan wanki tare da rabin garin, ya ga yatsun Malam sun dunƙule da kansu, har sai da ya ɓoye hannun a aljihu.

Turmin matar gida ya tafi aikin kimiyya, rariyarta ta tafi, babbar tukunyarta ta tafi, kuma Malam ya ce ba za su sake komawa girki ba har abada. Ta ce wa Auta kallon da take yi daga kan kujera ya biya ta.

Abin da ya fito a ƙarshe wani gari ne fari-fari, marar nauyi, marar wari, kamar dusa. Kala-kala ya murza shi a tafin hannu yana mamakin a ce buhu guda ya koma ɗan wannan. Malam ya ɗebo ruwan shuɗi a kwalbar gilashi mai faɗin baki, ya zuba cokali guda, ya juya, ya ajiye a kan bulo. Suka tsuguna su biyu suna kallo.

Babu abin da ya faru. Ruwan ya ɗan yi haske kaɗan, ya tsaya. Kala-kala ya ji wani murmushi yana taso masa. Marinarsa ce za a rufe in abin ya ƙi, ya sani, amma rabin zuciyarsa na so ya ƙi ɗin, ko don wankin nan da aka sa shi.

"Soda ta yi yawa a ruwan," in ji Malam. "Ba ya kamawa sai ruwa ya ɗan yi tsami." Ya ɗiga ruwan tsami kaɗan, ya sake juyawa.

Sai garin ya soma canjawa. Ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi shuɗi sosai, ya tattaru guda-guda yana sauka a hankali. Saman kwalbar ya fara washewa, hasken ya yi ta bin ƙasa, har Kala-kala ya hango maɓallin rigar Malam ta cikin gilashi. Murmushin ya tafi. Tun da ya yi wayo yake tura launi cikin abubuwa, da wuta da gishiri da ƙarfin damtse, kuma ya san in ya shiga ya shiga ke nan. Bai taɓa ganin launi ya tattara nasa ya bar wuri don kansa ba.

"Ina ta tafi?" ya tambaya daga baya, muryarsa ƙasa.

"Ba ta tafi ba, Baba. Ga ta nan a ƙasa. Ta saki ruwa ta kama garin."

Kala-kala ya ɗaga kwalbar a rana, ya karkata kai. "Wato garin muka rina."

"Haka ne, Baba."

Ya juyo ya dube shi da zargi. "Haka ne na gaskiya, ko na ladabi?"

"Na gaskiya."

"To ai da tun farko ka ce rini ne. Da na gane tuntuni."

Suka jera ganguna. A ta farko a zuba gari a juya a bar shi ya kwanta. Ta biyu an cika ta da tsakuwa da yashi, ruwa ya bi ta ciki. Ta uku ita ke tara abin da ya fito. Shuɗi ya fi saurin bari, ja kuwa mai taurin kai ne, sai an maimaita masa. Laka mai kala da ke kwantawa a ƙasa, Malam ya ce kada ta kusanci kwata ko da wasa: a shanya ta ta bushe, a ɗaure a buhu, a ba masu kwashe irin wannan sharar. Ruwan kuma a yi ɗaurayar farko da shi, amma ba na sha ba ne, ba na girki ba, domin kala ce ta fita, gishiri da sauran tarkace suna nan.

Ranar da duba-gari ta zagayo, Kala-kala ya sa wankakkiyar riga ya tarye ta tun daga ƙofa. Ya zagaya da ita ganga-ganga yana bayani da sanda, ya ce sun daɗe suna wannan bincike shi da yaron nan, kuma yaron ya taimaka gwargwadon iyawarsa. Ta tsoma sandarta a kafar katanga ta ɗago, ta duba, ta sake tsomawa. Ta tambayi inda lakar ke zuwa, ya nuna mata buhuna. Daɗi ya kwashe shi. Ya ɗauki kofi ya kamfato ruwa daga ganga ta uku, ya ce bari ta gani da idonta, ya nufi baki da shi.

"A'a, Baba," in ji Malam, ya karɓe kofin.

Matar gida ta ce wa Auta, "Kin ga yanzu ko tuntuɓe ba ya yi in zai faɗa."

Duba-gari ta yi dariya a karon farko, ta ce ba za ta sa kwaɗo ba, amma za ta riƙa leƙowa ba sanarwa. Kala-kala ya ce ƙofa a buɗe take, har ya so ya ba ta garin a leda ta kai gida.

Agwagin Direba sun daɗe da kalarsu, sai da suka sake gashi. Kafin nan masu wucewa sun yi ta tsayawa suna ɗaukarsu hoto da waya, Direba na ba da labari, kullum yana ƙara masa tsawo. Shi da Kala-kala suka shirya a kan naman da ake wankewa daga ɓawo, wanda agwagi ke so kamar me. Yanzu tare suke zuwa kasuwar kifi, da bokitai masu murfi, Direba a gaba yana koya wa mai motar haya tuƙi.

Sai dai abin ya bar wa Kala-kala wata sabuwar ɗabi'a: ba ya iya wuce kwata bai leƙa ba. Kwanan baya suka fito da matarsa za su duba yayarta a asibiti, tana riƙe da kwandon abinci. Suna cikin tafiya ya ja ya tsaya a gaban wani shagon masu buga rubutu a jikin riguna. Wani koren ruwa ne ke gangarowa daga bututu. Ya tsuguna, ya duba, ya shinshina, ya girgiza kai, ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ji yana tambayar wane ne babba a nan. Ba ta tsaya ba. Wata mai sayar da lemo a gefen hanya ta ce mata, "Mama, ba maigidanki ba ne ya shiga can?" Ta ce, "Tare dai muka fito."

Ta isa asibiti ita kaɗai, ta zuba wa yayarta abinci, ta gyara mata matashi. Marar lafiyar ta dubi ƙofa ta ce, "Ina Baban Auta? Na ce ko bai zo ba?"

"Yana tafe. Kwata ce ta tsare shi."

Yayar ta yunƙura za ta tashi zaune. "Faɗawa ya yi?"

"Ina ma," ta ce, tana miƙa mata cokali. "Da faɗawa ya yi ai da an ciro shi mun taho tare."